Ƙotar Gapsu Mai Walda

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci a shagona ya san aikin Ok Gapsu ko da bai san sunansa ba, domin shi ya ƙera mini teburan nan da ba mai iya ɗagawa. Abin da na roƙe shi tebura ne marasa nauyi, waɗanda zan riƙa fitarwa bakin yashi idan zafi ya shigo. Sai ga shi da na ƙarfe, kowanne sai ƙarti biyu sun kama suna nishi, ya tsaya yana shafa su yana ce mini, "Bokja, har jikokinki sai sun gaji waɗannan." Shekarar da guguwa ta yaye rufin shagon ta watsa mini tukwane a titi, teburan nan ko gezau ba su yi ba. Tun daga ranar, duk faɗan da muka yi da shi, da wannan maganar yake rufe mini baki.

Ɗan tsibirin nan ne na Geoje, gaba da baya. Gashin baki bai gama fito masa ba ya shiga wurin ƙera jiragen ruwa, aka tura shi walda a can cikin tumbin jirgi inda rana ba ta leƙawa. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ya ajiye aiki, kansa ya yi fari fat, kunnen hagu ya yi nauyi, kafaɗar dama kuma ba ta barinsa ya ɗaga hannu ya wuce kai. Ya kuma fito da aƙida guda wadda ba mai raba shi da ita: duk abin da ba ƙarfe ba ne, kayan wasan yara ne. Jiragen da ya yi wa walda sun zagaye duniya, shi kuwa ko iyo bai iya ba, kuma mutane ba sa faɗin haka a gabansa. Ni ina faɗa.

Matarsa Malsun ba ciki ɗaya muka fito ba, amma Yaya nake ce mata tun zuwana ƙauyen nan, don ita ta koya mini miyar ganyen teku yadda mutanen nan suke sonta. Ta sha fama da shi. A zamanin yana aiki, idan hasken walda ya ƙona masa ido, ita ke yanka ɗanyen dankali ta ɗora masa, tana yi tana masifa. Amma watannin farko na zamansa a gida sun fi mata duk shekarun nan wuya. Ya yi wa ƙofar gida walda, ya yi wa abin shanya, ya ƙera wa kare ɗakin ƙarfe wanda karen ya ƙi shiga, sannan ya fara zagaya tulunan da take jiƙa kimci, kabejin nan namu mai yaji, yana auna su da ido. Nan ta kira 'yarsu Yunhi a Seoul, ta ce ko ta zo ta ɗauki ubanta, ko ta samo masa abin da zai riƙa fitar da shi daga gida. Yunhi ta aiko da na'urar neman ƙarfe, irin wadda ake shiga ruwa da ita.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Doguwar ƙota ce, a ƙasanta akwai faifai mai shinshinar ƙarfe cikin yashi, a samanta ɗan akwati da abin sawa a kunne. Idan faifan ya bi ta kan ƙarfe, sai na'urar ta yi kuka. Yarinyar nan ta san ubanta. Kullum da safe idan ruwa ya janye, za ka gan shi tsundum har ƙugu, ya karkata kai yana saurare da kunnen kirkin, yana kaɗa ƙotar dama da hagu kamar mai shara. Marfin kwalba kam ya tara buhu-buhu. Makullai, ƙugiyoyin kamun kifi, haƙorin wani bawan Allah na azurfa, da zobban masu zuwa wanka, duk yana tsinta, ya wanke ya kai ofishin 'yan sanda. An ce da sun hango shi kowa sai ya fara neman abin yi, don ba ya ajiyewa ya tafi, sai ya yi musu bayanin kowane ƙarfe da abin da aka gauraya a cikinsa.

Akwai zobe ɗaya a ƙauyen nan da kowa ya san labarinsa, na hannun Malsun. Lokacin da Gapsu ya je neman aurenta yana ɗan koyo ne, ba shi da halin zinariya. Sai ya samu guntun farin ƙarfe, irin wanda ba ya tsatsa, ya lanƙwasa shi ya haɗe bakin da walda. Hannunsa bai faɗa ba tukuna, sai wurin haɗin ya yi ƙulli kamar ƙwayar shinkafa. Shekara da shekaru Malsun tana masa gori da shi a gaban mutane, wai mazan wasu zinariya suka ba su, ita nata jirgi ya yanko ya maƙala mata a yatsa. Amma ko kimci za ta kwaɓa ba ta cire shi, kuma idan tana tunani, babban yatsanta yana kan ƙullin nan yana murzawa.

Cikin sanyin da ya wuce aka yi mata aiki a ciki, a wani asibiti a Busan. An ce an yi nasara, amma matar da ta dawo mana rabin wadda ta tafi ce. Ta ɗan taɓa abinci sai ta ture kwano. Da sanyi ya fara ja baya, lokacin tsinkar ganyen teku ya yi, ta ce ita ba za ta zauna a ɗaki ana zuwa kallonta ba, ta bi mata cikin ruwa wajen duwatsun da ke gefen wurin wanka. Ruwan da sauran sanyinsa, yatsun kuma sun rame. Ta shigo shagona a jiƙe, ta zauna, ta ɗora hannunta a kan tebur. Inda zoben yake zama babu komai sai farin layi.

"Kada ki gaya wa Baban Yunhi," in ji ta.

Ban gaya masa ba, amma mutumin da ya tsufa yana duban ƙarfe ba sai an gaya masa ba. Tana miƙa masa kwanon shinkafa ya gani. Ta yi dariya ta ce ta huta, yanzu ba shi da sauran hujja, sai ya sayo zinariya. Shi bai yi dariya ba. Tsofaffin matan ƙauyen kuma suka fara ƙus-ƙus, wai zoben aure ba ya barin hannun mara lafiya a banza. Biyu daga cikinsu suka kawo mini maganar har shago, na ce su ajiye mini cokulana su fita. Amma magana ta riga ta kai kunnen Malsun, ta kai har kunnen Gapsu mai nauyin, kuma na san kowannensu ya sa abin a ransa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ni kaina tsoro ya kama ni.

Ana cikin haka shugaban ƙauye ya sanar a lasifika cewa ƙarshen wata tifofi za su fara zubo sabon yashi, kamar yadda ake yi kowace shekara kafin a buɗe wurin wanka. Duk abin da ke ƙasa a lokacin, an binne shi ke nan. Kuma kamar da gangan, safiyar farko da Gapsu ya shiga neman zoben, ƙotar na'urar ta karye. Ta alminiyam ce, gishiri ya daɗe yana cin ta ta ciki, ta ɓalle daidai gaɓa ta bar shi da rabi a hannu.

Yunhi ta ce ba sai an sayi sabuwar na'ura ba, akwai masu ƙera ƙota zalla, kowane fasali mutum yake so, a ɗaura wa tsohuwar. Ta turo hotuna a waya ta ce ya zaɓa. Ya dubi hotunan ya ga siraran sanduna da notin roba, ya ce shi da ya haɗa jirgin dakon mai ba zai shiga teku da tsinken cin abinci ba. Ya shige rumfarsa ya ja ƙofa. Da ya fito, tsakani da Allah ƙotar ta yi kyau. Farin ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, waldar ta kwanta sumul, ya ɗaure faifan da ƙaton noti wanda zai iya riƙe gada. Ya kawo ta shago ya ce in ɗaga in ji. Na ɗaga na ce ai 'yar'uwar teburana ce.

Tun takun farko cikin ruwa na'urar ta fara kuka. Ya haƙa, ba komai. Ya matsa gaba ta sake yi, ya haƙa, ba komai. Igiyar ruwa ta taso ta yi kuka, ta koma ta yi kuka. Kwana da kwanaki yana wannan, har bakin ruwan ya koma kamar gonar da aka cire dankali. Masunta masu gyaran koma a kan gaɓa suka samu abin yi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Yaya Gapsu, in ka ɓulla Japan ka gaishe su, ka taho mana da tsaraba." Ya ce musu mutane ne suka cika teku da shara, su da ba su san ƙarfe ba su ja bakinsu su yi shiru. Da yamma kuwa ko cokali ba ya iya kaiwa baki da hannun dama.

Malsun ma ta fara fitowa da sassafe, wai likita ya ce ta riƙa tattaki. Likitan da ya ce a yi tattaki cikin ruwa babu takalmi, ana jan yatsun ƙafa a yashi, ni dai ban san shi ba. Ran nan ta tsaya tana kallon mijinta yana ɗaga ƙarfen nan da hannu biyu yana cije leɓe, sai ta juyo ta ce mini gobe in rufe shago in raka shi Busan, shagon da Yunhi ta faɗa. Na ce don me sai ni. Ta ce don idan ya fara zagin kayan mutane, ni kaɗai na fi shi baki. Shi kuma ce masa ta yi in bai je ba, ita za ta shiga neman da kanta har wuya. Wannan ce ta tashe shi.

Muka hau bas muka haye doguwar gadar da ta haɗa tsibirin da Busan, shi rungume da ƙotarsa naɗe cikin tsohon bargo, fasinjoji suna kauce masa. Shagon na kayan nutso ne, a wani lungu kusa da tashar jiragen ruwa. Mai shi wata gajeriyar mata ce mai suna Tak, rana ta gasa mata fuska, da gani ta daɗe a ruwa. Ya warware bargon ya ce shi ba sayen ƙota ya kawo shi ba, na'urar ce ta haukace, a duba masa. Matar ta shafa waldar ta yaba, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba. Gapsu ya dube ni ta wutsiyar ido. Sannan ta kunna na'urar, ta ɗaga faifan sama nesa da komai, ta ɗan girgiza shi da hannu yadda igiyar ruwa take yi. Na'urar ta ɓarke da kuka.

"Baba, lafiyarta ƙalau," in ji ta. "An ce ta nemi ƙarfe, kai kuma ka ɗaura mata ƙarfe a hanci. Duk ramin da ka haƙa, ƙotarka take nuna maka."

Na so in riƙe dariyar saboda furfurarsa, amma ta fi ƙarfina, sai da na dafa kantar shagon. Kunnuwan Gapsu suka yi ja. Ya karɓi faifan ya girgiza da kansa, ya saurara, ya sake girgizawa. Abin da nake so da mutumin nan ke nan, zai kwana yana gardama da mutane amma ba ya gardama da ƙarfe. Ya ce, "To, fito da tsinkayen naki mu gani."

Ta jera masa su. Akwai mai lanƙwasa ta alminiyam irin wadda ta karye, ya ce ya gama da ita da danginta. Akwai gajeriya da ba ta wuce kamu ɗaya ba, ta masu nutso da ke bin ƙasan ruwa da ciki. Idonsa ya tsaya a kanta, har ya fara cewa ai da ita zai fi kusa da yashin. Na ce wa matar ta ɗauke ta daga gabansa, mutumin nan ko a bahon wanka sai ya riƙe gefe. Saura wata miƙaƙƙiya baƙa, samanta na zaren kabon, ƙasanta inda faifai yake zama na faiba, wadda ba ƙarfe ba ce, notin na roba, gaɓoɓinta kuma ana buɗe su a wanke yashi da gishiri. Ya ɗauke ta ya yamutsa fuska, ya ce abin da ba shi da nauyi shi bai yarda da gaskiyarsa ba. Ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya bi ƙasanta da shi, bai kama ko'ina ba. Ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ya tokare ta da gwiwa yana lanƙwasawa har matar ta kawar da kai. Ya kwance notin ya duba zarensa a haske, ya ce wanda ya yanka shi dai ya iya, sai dai ya zubar da basirarsa a kan roba.

Daga nan ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da abin da ban san yana da shi ba. Wani sabon zobe ne na farin ƙarfe, wanda ya ƙera daidai girman na Malsun don gwaji. Ya ce a binne masa shi a bokitin yashin da ke gefen kantar shagon. Matar ta ɗaura faifan a baƙar ƙota, ta gaya masa irin wannan ƙarfen ba ya kuka mai daɗi kamar zinariya, muryarsa ƙasa-ƙasa take kamar ta tsohuwar ƙusa, shi ya sa masu nema suke wuce shi. Ta ce ya buɗe wa na'urar kunne ta daina zaɓe, kuma duk ɗan gunagunin da ya ji ya haƙa. Ya sa abin kunne, ya gyara tsawon ƙotar daidai jikinsa, ya miƙa hannun dama wanda tun da aka fara abin nan yake rawa. Hannun ya tsaya. Ya kaɗa faifan a kan bokitin a hankali, ya dawo da shi, ya sake kaɗawa, ya rufe ido yana koyon muryar.

"Na ji ta," ya ce, ba kuma da mu yake ba.

Baƙar ya saya, amma ya hana a sa masa ita a leda mai sunan shago, ya ce a naɗe ta cikin bargo tare da tasa. A bas ya yi mini kashedi cewa in na kuskura na gaya wa masunta abin da ya faru, zai ƙera mini kujeru. Kafin mu sauka na riga na gama tsara yadda zan ba su labarin.

Farar ƙotar ba ta tafi a banza ba. Ya yi mata kai irin na rariya ta zama abin kwasar yashi, yana jan ta a baya don kada na'urar ta ji ta, yana kuma gaya wa mutane dama don haka ya ƙera ta. Na'urar ta nutsu, ba ta kuka sai da dalili. Sai dai da yake ya buɗe mata kunne, duk ƙusar da aka taɓa yarwa a bakin ruwan nan sai da suka gaisa. Tifofi suka iso suka fara juye yashi daga can ƙarshe, katafila tana bazawa, kullum tana ƙara matsowa wajen duwatsu. Ko kai ba ya ɗagawa ya dube ta. Masunta suka bar tsokana. Mai maganar Japan ɗin ma shi na gani yana ta kai wa direban katafila kofi, yana jan sa da hira don hutunsa ya yi tsawo.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ni da Malsun muna zaune a shago muna cire kawunan busassun ƙananan kifi. Ta daina fita tattakin nata, ta ce ya ishe ta, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ta taga na hango shi ya tsaya cak. Ya kaɗa faifan, ya juya ya kaɗa ta ɗaya gefen, ya taka rariyar ya ɗago ta ya girgiza a ruwa. Ya sa hannu ciki. Bai ma dubi abin ba, na ga dai babban yatsansa yana murza shi. Sai ya taho a hankali, wandon robarsa yana zubar da ruwa, ya shigo mini shago da yashi a ƙafa, abin da ya san na hana.

Ya ajiye zoben a kan tebur. Malsun ta dube shi ta ce, "Duk tekun nan da zinariyar mutane, wannan ka sake kawo mini?" Idanunta sun cika. Ya kama hannunta ya zura mata shi. Tana sauke hannun, zoben ya zame ya faɗo ya gangara, na tare shi da tafi a bakin tebur. Abin da dukanmu muke gudun gani ke nan, irin ramar da ta yi.

Gapsu ya gyara murya. Ya ce abu ne mai sauƙi, zai yanke shi ya rage, kafin yamma ya gama. Ya ce dama ƙullin nan ya daɗe yana ba shi kunya, aikin ɗan koyo ne, zai goge shi da magagari ya yi mata haɗin da ido ba zai gani ba. Har ya miƙo hannu. Malsun ta fizge zoben daga tafina ta dunƙule.

"Ka kusance shi da magagari, sai dai a neme ka da na'urar nan," in ji ta. "Zobe lafiyarsa ƙalau, Baban Yunhi. Ba shi za ka rage ba, ni za ka ƙara." Ta juyo gare ni. "Bokja, me ke kan wuta?"

Faten shinkafa da kifi ne. Na zubo mata cike da kwano, ta sa cokali a hankali, tana hutawa tana komawa, har ta ga ƙasan kwanon. Na shige kicin na yi kukana a kan tukunya, na fito ina masa masifar yashin da ya zuba mini.

Ta naɗe cikin zoben da jan zare har ya kama yatsan. Gapsu yana nan yana shiga ruwa kowace safiya da baƙar ƙotarsa, yana gaya wa masunta shi ya zaɓe ta bayan dogon nazari, kuma an sha kama shi yana wanke mata gaɓoɓi da ruwan famfo da tsohon buroshin haƙori. Da rana sai ya kawo Malsun shagona, ya zauna yana bin kowane cokali da ido har ya shiga bakinta, ita kuma tana ce masa ya dubi kwanonsa. Lokaci-lokaci idan zoben ya fara matse ta, sai ta warware zagaye ɗaya na zaren ta tsinke da haƙori. Jiya ma ta warware wani, ta ajiye guntun a kan teburin nan mara ɗaguwa, daidai gabansa, ta ce in ƙaro shinkafa.